Kuɗin da Gwaggo Ta Ƙi Ci

Allah ne ya ba mu ita, shi ne kuma ya karɓi abarsa. Gwaggo, yayar mahaifina, ta rasu ranar Talata da hantsi a nan Kademi, gero na tsaye a gona ba a fara girbi ba. Kafin azahar mun kai ta mun dawo.

Ban yi kuka ba. Na daɗe da barin wannan. Na dai zauna a zaure kwana uku ina kallon masu shigowa gaisuwa, kuma abin da na gani ne ya buɗe mini baki, ni da ba mai magana ba.

Wata bazawara daga ƙarshen unguwa ta zo tana jan jar akuya. Ta ɗaure ta a ƙofar gida, ta ce a yanka a yi sadaka, ta Gwaggo ce.

Aka ce mata, "Baiwar Allah, Gwaggo ai ba ta taɓa kiwon ko kaza ba."

Ta ce, "Ba ta yi ba. Ni na yi mata. Wannan jikar akuyar farko ce."

Maƙerin garinmu ya zo bai ko wanke hannu ba. Ya durƙusa zai yi gaisuwa, maganar ta ƙi fita, ya tashi ya koma maƙera. Muna jin bugun masabarsa har la'asar, kuma na san ba wani abu yake ƙerawa ba. Wani da duk gari ke ce wa mai rediyo ya zo da rediyonsa a hammata, a kashe. Ya zauna a lungu ya rungume shi kamar jariri.

Wani baƙon malami da ya zo daga Gaya ya ga taron ya yi yawa, ya sunkuyo ya ce, "Marigayiyar attajira ce?"

Aka yi dariya a makoki. Abin da ta bari tabarma ce, da buta, da zane biyu, da mazari. Baffa, ƙanenta, wanda shi ne babban gidanmu yanzu, yana zaune a tsakiya, idonsa ya yi rauni. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Ta taɓa yin kuɗi, malam. Wuni biyu ta yi ta rabu da su."

Yaran yanzu ba su san zancen ba. Waɗanda suka sani kuma ɗaya bayan ɗaya za su bi ta. Shi ya sa zan faɗa, in na gama in yi shiru.

'Yar ƙaramar mace ce, in ta zauna gindin tsamiyar gidanmu tana kaɗi sai ka zo kusa za ka gan ta. Yatsunta kullum fari da alli. Ba ta da surutu sai da safe. Da safe kuwa, kafin ta kurɓi kunu, sai ta ba da labarin abin da ta gani a barci, ko ana so ko ba a so. Yau ta ga rijiyar unguwa ta cika har tana zuba, kifi na yawo a tsakar gida. Gobe ta ga uwarsu ta dawo da ƙuruciyarta tana shanya rama a kan danga. Ba ta neman fassara. Faɗa kawai take yi, kamar wadda ta dawo daga kasuwa tana gaya maka wa ta gani.

Baffa yakan ce, "Yaya, ke kam da ana auna mafarki a mudu da mun huta da noma."

Ita kuma ta ce, "Kai da ba ka ganin komai, me ka tara?"

Ta yi aure a Toranke, wajen Ajingi. Mijin ya rasu, ta dawo gida da ɗa guda namiji. Daga zaman Toranke abu biyu ta dawo da su, yaron da zancen geronsu. In ana hirar noma sai ta ce, "Geron Toranke gajere ne, mai gashi, tsuntsu ba ya son sa. Kuma ba ya jiran ruwa ya gama shawara, kafin ka juya ya nuna." Mun ji wannan har mun daina ji.

Yaron taubashina ne, tare muka tashi. Ni in ce shi bawana ne, shi ya ce ni ne bawansa. Kowace shekara in cika-ciki ta zo, lokacin da taubasai ke ba juna kuɗin shara, sai mu tsaya a ƙofar gida kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa tafin hannu. Ba wanda ya taɓa ba wani ko anini. Yakan ce, "Bawa, zan ba ka, amma sai ranar da ka yi shara mai kyau."

Da yaƙi ya tashi ya shiga soja. Ni na raka shi tashar Gaya. Ya leƙo ta bayan mota yana ce mini in kula da uwarsa, in kuma daina ɗaure fuska kamar an ci mini tuwo. Ganina da shi ke nan. Bayan yaƙi ya ƙare aka kira Baffa da Gwaggo Gaya, ta dangwala yatsa a takarda, aka miƙo mata kuɗi. Ba gawa, ba kabari. Kuɗi kawai.

Ta naɗe su a tsohuwar rigar ɗanta, ta sa a tukunya, ta kife da wata. Ta ci gaba da kaɗinta. Zanenta ya yage, ta ɗinke. Rufin ɗakinta ya zube, ta ƙi a taɓa tukunyar. Baffa ya yi magana har ya gaji.

Ta ce, "Ba zan ci ɗana ba."

Daga lokacin mafarkinta ya zama ɗaya. Gona ce kore shar, ba iyaka, iska na kaɗa ta, shi kuma yana tafiya a ciki ya ba ta baya. Tana kira, ba ya waiwayowa.

Shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira aka ce duk wanda bai kai nasa ba za su zama takardar banza. Dole ta fito da su. Na ɗora ta a jaki muka je Gaya. Ranar gari ya san Gwaggo na da abu a tukunya. Da aka ba ta sababbin, ta daɗe tana jujjuya su, har ta kai hanci ta sansana. A hanyar dawowa ta ce, "Waɗannan ba su ne aka ba ni ba. Waɗannan ba su san shi ba." Ban gane ba a lokacin. Yanzu ina ganin ranar ce hannunta ya saki.

Sannan fari ya zo, damina biyu a jere. Ba zan yi dogon bayani ba, wanda ya gani ya gani. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, ya watse kamar an hure shi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Mun ci tafasa, mun ci yaɗiya, mun ci dusa. Mun tone gidan tururuwa mun kwashe abin da ta tara. Da rana in ka zauna, gari ya yi tsit, ba daka, ba carar zakara, ka rasa ko farke kake ko barci.

Ni na ci irina. Manomi ya san abin da nake nufi. Zangarniyar da na zaɓa na rataye a can ƙuryar rumbu don shuka, da hannuna na sauko da ita. Matata ta sussuke ta daka, ba ta dube ni ba, ban dube ta ba. Ta kai mu kwana shida. Bayan nan ƙaramar 'yarmu ta rasu. Na haƙa mata da kaina.

Akwai wani mai awon gyaɗa a Gaya da ya taya gonata, wadda ubana ya bar mini, wadda shi ma ubansa ya bar masa. Kuɗin da ya faɗa ba su kai na jaki ba. Na ce masa ya ba ni zuwa ranar kasuwa. A raina na gama: in sayar, in kwashi matar da yara biyun da suka rage mu tafi Kano, in yi dako ko ga-ruwa. Gona ba iri ƙasa ce kawai.

Ana cikin haka, da bazara, wata safiya Gwaggo ta fito da tukunyar tsakar gida. Baffa ya zo da sauri, takalmi ƙafa ɗaya.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, Yaya, Allah ya taɓa zuciyarki. Ba ni in je Gaya in sayo hatsi, a raba mudu-mudu, kowane gida ya samu."

Ta ce, "A'a. A hannu zan ba su."

"A hannu? Kuɗi a hannun mayunwaci? Yaya, kwana biyu ba za su yi ba. Wani goro zai saya, wani taba."

"Hatsin naka kwana nawa zai yi?"



Ta ƙara da cewa, "Me ke damun gidan maƙeri?"

"Yunwa mana."

"Ya sayar da zugazugansa da masaba, wutarsa ta mutu. Ka sani? Me ke damun bazawarar ƙarshen unguwa?"

"Yunwa, Yaya, kowa yunwa."

"Nononta ya ƙafe, ga jariri. Hatsinka zai sha? Ni da nake yawo gidajen ban san rabin abin da ke cikinsu ba, balle kai da kake zaure. Kowa ya fi mu sanin ramin da ke ɗakinsa."

Baffa ya ɗaga murya, abin da bai taɓa yi mata ba. Ya ce jinin yaron ne za ta watsar a titi. Ta dube shi ta ce, "Kai ka haife shi?" Ya juya ya fita. Wata biyu bai gaishe ta ba.

Ta yayyaga tsohuwar rigar nan tsumma-tsumma, ta ƙulle kuɗin ƙulli-ƙulli. Wuni biyu tana bin gidaje a cikin rana, tana dogara kara. Duk inda ta shiga magana uku take yi: kada ka kwance a gabana, kada ka yi mini godiya, kada ka zo ka gaya mini abin da ka yi da su.

Ni ta zo mini a ƙarshe. Ina zaune a gindin rumbun da ba komai. Ta miƙo, na ƙi karɓa.

Na ce, "Gwaggo, ban kai ga sadaka ba tukuna. Gobe zan sayar da gona."

Ta ce, "Wa ya ce maka sadaka ce? Jiya ya waiwayo."

Na ce, "Wa?"

"Taubashinka. A cikin gonar nan. Ya waiwayo ya ce, Inna, ki ba bawan nan nawa kuɗin shararsa, ya daɗe yana miƙo hannu."

Ko ta gani, ko ta shirya ne don ta san halina, Allah ya sani. Na miƙa tafin hannu kamar yadda nake miƙa masa. Ta ajiye ƙullin ta tafi.

Na raba biyu, na ba matata kashi ɗaya ta sayi garin rogo su riƙe rai. Ta ce, "Malam, sauran fa?"

Na ce, "Ban sani ba."

Washegari ranar kasuwar Gaya ce. Na isa da hantsi. Ga mai awon gyaɗa can zaune kusa da sikelinsa, ya hango ni ya ɗaga hannu. Ga motar Kano a tasha, karen mota na ihu, "Kano, Kano, saura mutum biyu!" Ga masu garin rogo da ƙosai, ƙamshin na shiga har cikin kaina. Na tsaya a tsakiya, hannuna a aljihu na damƙe tsumman rigar taubashina. Da kuɗin nan da na gona za su kai mu Kano, har mu kama ɗaki. Ban san tsawon tsayuwar da na yi ba. Hayaniyar kasuwa ta yi nisa kamar na sa kai a ruwa. Abin da nake ji kawai muryar tsohuwa tana cewa gajere ne, mai gashi, ba ya jiran ruwa ya gama shawara.

Na tambayi wani mai jaki hanyar Toranke.

Tafiyar nan har yau ban tabbata da ƙafata na yi ta ba. Rana ta tsaya a ka. Gabana kawalwalniya ce, hanya ta zama tafki, itatuwa na tsaye a cikin ruwa da ƙafafunsu. In na matso ruwan ya matsa. Gefen hanya ƙasusuwan shanu, fata ta bushe a kansu kamar an shanya. Can cikin ruwan ƙaryar nan na riƙa hango mutum yana tafiya ya ba ni baya, tafiyarsa irin ta taubashina, kafaɗa ɗaya a karkace. Ban kira ba. Bin sa kawai na yi. Da na shiga Toranke ya ɓace.

Gida uku na tambaya aka ce sun cinye nasu. A na huɗu aka nuna mini wani tsohon Bafillace da ya daɗe da zama yana noma. Na same shi shi da 'ya'yansa suna ɗaga wata saniya da itace, ta kasa tashi. Ita kaɗai ta rage masa. Na sa hannu muka tsayar da ita, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Kaɗo, ci ko shuka?"

Na ce, "Shuka, Baba."

"Kowa haka yake cewa. Ina naka irin?"

"Na cinye."

Ya dube ni. Ya ce, "To, kai ka faɗi gaskiya." Ya kama hannuna ya juya ya ga kantar fartanya. Ya shiga bukka, ya tone ƙasa, ya fito da tulu da aka liƙe bakinsa da yumɓu. Da ya fasa, ƙamshin gero ya bugi fuskata, na zauna.

Ya auna mini, ya zuba a ƙwarya. Sai ya kawo toka da fitsarin saniya ya cuɗa da shi, ya shanya a rana ya sha iska.

Ya ce, "Wannan maganin ƙwari ne. Kuma maganinka ne. Hanya da nisa, yunwa ba ta da kunya."

Na ba shi ƙullin. Bai ƙi ba. Tun ina wurin ya tura babban ɗansa ya nemo wa saniyar dusa da harawa. Na ji daga baya ta rayu har ta haihu.

Da na dawo Kademi na tarar an kawo hatsin taimako a mota, wata jar dawa daga nesa, ƙwayarta manya. Ta ceci rayuka, ba zan ɓoye ba, mu ma mun ci. Waɗanda suka kawo, ci suka ce a yi, ba su ce a shuka ba. Amma manomin da ba shi da iri in ya ga ƙwaya mai kyau, ka san abin da zai yi. Gidaje da yawa suka rage cikinsu suka ajiye ta don shuka. Har da Baffa.

Ni ban jira ruwa ba, na yi binne. Na ɗauki sungumi ina sara a busasshiyar ƙasa, matata na bina tana jefa iri tana takewa. Sama fari fat, ko gajimare babu. Mai binne ya san cacar da yake yi: in yayyafi ya zo ya tsaya, irin ya tsiro ya ƙone, shi ke nan. Amma in ruwan kirki ya sauka, ka riga kowa. Ni kuma ba ni da ƙarfin jira, in geron ya kwana a ɗaki da yawa na san zan wanke tokar.

Baffa ya zo bakin gona ya tsaya. Ya ce, "Kai ma? Wancan ya sayo rediyo, kai kuma ka zuba naka a rami. Na gaya mata."

Gaskiya ne, akwai wanda ya tafi Kano da ƙullinsa ya dawo da rediyo, matarsa na kuka. Da aka kai wa Gwaggo ƙara ta ce, "Yana magana?" Aka ce yana yi. Ta ce, "To ya kawo mu ji." Ba ta ƙara ko kalma ba. Kunyar wannan ta fi masa duka. Shi ne ya yi shekara yana yi wa matan unguwa itace ba a sa shi ba.

Kwana tara ina zaune a gonar nan ina korar zabi da kurciya. Ba abin kallo sai ƙasa. Wani lokaci ido ya rufe, in ga gonar ta zama kore har ta fi ni tsayi, 'yata na gudu tsakanin kunyoyin gero tana dariya. In buɗe, ƙasa ce ja. Mai awon gyaɗa ya aiko sau biyu. Na ce a gaya masa ina aiki.

Rana ta goma da la'asar iska ta juya. Na ji ƙamshin kafin in ga komai. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta yi. Ban gudu ba. Na kwanta a tsakiyar gonar na bar shi ya dake ni.

Kwana uku gero ya huda ƙasa, layi-layi. Lokacin da mutane ke fara shuka ni ina noman farko, da fartanyar da maƙeri ya ƙera bayan ya fanso kayan aikinsa. Jar dawar nan ta fito da kyau, kowa na murna. Sai ta tsaya gajeriya, ta fid da kai tun ruwa na tsakiya, kan ya yi baƙi ya ruɓe, tsuntsaye suka ƙarasa saura. Ba ƙasarta ba ce. Nawa kuwa ya nuna ana tsakiyar yunwar damina, gajere, mai gashi, tsuntsu ya zo ya sauka ya tashi.

Ba kowa ƙullin ya tsayar ba. Gida biyu sun tashi duk da haka, har yau ba labarinsu. Wani magani ya saya wa uwarsa, ta rasu. Amma wutar maƙera ta tashi. Bazawara ta sayi akuya mai shayarwa, jaririn ya sha, ga shi nan yana yawo. Ni kuma gonar ubana tana hannuna. Da kaka aka yi ta zuwa neman iri, wani da fartanya, wani da nono, wani hannu sake. Ban hana kowa ba. Baffa bai zo ba. Na ɗauki dami na jingine masa a ƙofar ɗaki. Da damina na ga geron a gonarsa.

Gwaggo ba ta taɓa tambayata ba. Ni ma ban faɗa ba, tunda ta hana. Abin da nake yi kawai, kowace shekara in gero ya fara nuna, zangarniyar farko nakan karyo in gasa mata tumu in kai mata gindin tsamiya. Ta murje a tafin hannu, ta hure, ta ci, ta ce, "Madalla." Shekara biyar haka.

Bana ido ya tafi, ƙafa ta tafi. Ranar Lahadi da hantsi na kai mata tumu a ɗaki. Ba ta iya ci ba. Ta riƙe zangarniyar tana shafawa daga gindi har kai.

Ta ce, "Gajere. Mai gashi. Na Toranke."

Na ce, "Gwaggo, kin sani?"

"Tun na farko. Shekara nawa na yi ina surfa shi, zan kasa gane shi a baki?"

Na ce, "Kin ce ba za ki ci ba."

Ta yi murmushi, ba haƙori ko ɗaya. Ta ce, "Kuɗin ne na ƙi. Wannan ya shiga ƙasa, ruwan Allah ya bi ta kansa, ya fito. Kabarin da ban samu na yi masa ba, kai ka yi masa." Ta huta. Sannan ta ce, "Na gan shi ɗazu. Yanzu fuskantata yake yi. Ya ce in gaya maka sharar ta yi kyau."

Na fita na tafi gona. Can na wuni.

Ranar sadakar uku matan gida suka daka gumba da geron rumbuna. Aka zagaya da ita a zaure. Maƙeri ya ɗauka, mai rediyo ya ɗauka, baƙon malamin ya ɗauka. Aka sa wa Baffa a hannu. Ya gutsura, ya daɗe yana taunawa.

Ya ce, "Har gobe ina cewa da hatsi aka saya."

Ya miƙo hannu ya ce, "Ƙaro mini."

Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Allah ya sanyaya makwancinki kamar ƙasar da ta sha ruwan farko, ya haɗa ki da ɗanki fuska da fuska. Yadda kika ba mu ba ki tambaye mu ba, Allah ya sauƙaƙa miki tambaya. Jibi zan fara girbi. Zangarniyar da ta fi kyau zan zaɓa in rataye a ƙuryar rumbu, kuma wannan karon ba mai sauko da ita.